Bargon Rigunan Dogo

Litinin, da yamma

Yau na jawo kwalin da Gimbiya ta tura ƙarƙashin keken ɗinkinta. Gimbiya matata ce. Ni na laƙaba mata sunan don tsokana tun muna sabon aure, ya bi ta har yau. Tana gidan yayarta, can ɗaya gefen gari, tun watan jiya. Ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne da sauƙi, don ba da haƙuri kam na ƙware, na daɗe ina koyonsa a hannunta. Magana ce ta ɗauke mata tun ranar da muka rasa ɗanmu Dogo, ta koma daga ɗaga kai sai girgiza shi, har Yaya ta zo ta ce bari ta tafi da ita ta huta da wucewa ta ƙofar ɗakin Dogo.

Rigunan ɗanmu Dogo ne a kwalin. Kafin ta tafi ta zauna ta yayyanka su duka, ƙyallaye masu kusurwa huɗu, kowanne ya ɗan ɗara tafin hannuna. Bargo take son haɗawa da su. Ta ɗinka layi uku, ta haɗa su da juna, ta tsaya. Sauran na nan a jere, ta ɗaure su da zare.

Ni gilashi nake yankawa, tagogi da madubai. Ban taɓa riƙe allura ba sai don maɓalli. Amma na gaji da zuwa gidan Yaya hannu rabbana, in zauna in tashi. Idan na ƙarasa bargon nan ina da abin da zan ajiye a gabanta. So nake ta dawo gida, ba ni da wani buri da ya wuce wannan.

Layukan nan uku nata na ninke su na ajiye a gefenta na gado. Ba na son hannuna ya ɓata su.

Talata, da safe

Keken ya ƙi ni. Ina taka shi yana juyawa baya, zare ya tsinke. Da na lallaba ya tafi gaba, na juya tsumman da nake gwaji a kai, sai na ga ƙasan ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Allah ya so ni a tsohon zanin gado na gwada. Wanda zai fara irin wannan aiki, ya fara da tsumman da ba ya jin tausayinsa.

Talata, da yamma

Na je wurin Tela na ƙarshen layinmu, abokin gardamata. Ni na sa masa madubin shagonsa, har yau yana cewa yana ƙara wa mutane tumbi.

Ya ce, "Kai da gilashi, me ya haɗa ka da keke? Mai shi ta san ka hau mata kaya?"

Sai ya tuna, ya yi shiru, ya hau gyara abin da bai lalace ba a kan teburinsa. Kowa ya koyi wannan shirun da ni yanzu. Na fi son tsokanar.

Na nuna masa tsumman. Ya ce, "In ƙasa ya cukurkuɗe kada ka zargi ƙasa, zaren sama ne bai bi hanyarsa ba. Ɗaga ƙafar keken mai danne yadi, zare shi gaba ɗaya, ka sake zurawa daga farko. Kuma ka fara juya tayar da hannu, ta yo wajenka, sannan ka taka. Allurar ma canza ta, kada ka yi rowa."

Ina shirin fita ya ƙara da cewa in wanke ƙyallayen tukuna, wai wani yana zuba, wani yana tsukewa. Na ce ba za a wanke su ba. Ya dube ni ya ce, "To."

Laraba, da rana

Zaren sama ne. Ba zan gaya wa Tela ya yi gaskiya ba.

Alhamis, da yamma

Na ture kujerun falo zuwa bango na shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa, don in ga yadda za su zauna kafin in ɗinka. Gimbiya tana sa mai haske kusa da mai duhu, haka na bi. Ashe idan mutum yana durƙushe a kansu ba ya ganin komai, sai ya tashi ya ja da baya har bakin ƙofa sannan zai gane inda launi ɗaya ya taru ya yi yawa.

Daga bakin ƙofar ne na gane su. Mai shuɗin zane da ya saya da kuɗin aikinsa na farko, ya sa ta kwana uku a jere har uwarsa ta ƙwace. Koriyar da fenti ya ɗiga a kafaɗarta. Farar makaranta. Ja mai lamba a baya, ta ƙwallo. Akwai ƙyalle ɗaya da aljihu a jiki, ta bar shi yadda yake. Ban sa hannu a ciki ba.

Yanzu babu hanyar wucewa kicin sai ta jikin bango, a karkace. Na sake dafa shinkafa ta mutum uku. Hannuna bai koyi sabon awo ba.

Juma'a, da safe

Abin da ya tsayar da ni yau shi ne rarar da ake bari tsakanin bakin ƙyalle da inda allura ke bi. A gilashi babu wannan, abin da ka auna shi ka yanka. A ɗinki kuwa dole ka bar wani abu a baya, kuma ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Sai na tuna yadda take yi. Sau nawa ina kwance ina kallonta. Ba ta amfani da tef. Ƙaramin yatsanta take ɗorawa a bakin ƙyalle, ta ja layi da guntun sabulu a gefensa, ta bi layin. Tef yana aljihuna, wanda nake cin abinci da shi, amma na bar shi. Ina son in yi shi yadda take yi. Na samo guntun sabulun a ɗurowar keken, na ɗora ƙaramin yatsana na ja.

Layi ɗaya ya haɗu kafin in fita aiki, kuma ya miƙe. Na tsaya ina kallonsa, babu wanda zan nuna wa.

Lahadi, da yamma

Na je gidan Yaya. Gimbiya tana kujerar kusa da taga, hannuwanta a cinya. Ta rame. Na gaishe ta, ta ɗaga kai. Na gaya mata famfon bayan gida ya daina ɗiga, maƙwabciya tana gaishe ta, shukar da ke bakin ƙofa ba ta mutu ba, ina ba ta ruwa. Ban yi zancen bargon ba. Mun shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa bari na kai ƙarshen labari ba sai ta gyara min shi. Yau na kai ƙarshen guda uku.

Yaya ta rako ni har bakin titi, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Baban Dogo, ƙarshen wata zan tafi da ita wurin ƙaninmu. Ka san ya yi nisa, amma ko canjin wuri zai sa ta buɗe baki."

Na ce, "Har zuwa yaushe, Yaya?"

Ta ce, "Wannan kuma ba ni zan faɗa ba."

Ba ta da laifi. Tausayin ƙanwarta take ji. Amma na tsane ta daga nan har tashar mota.

Litinin, da safe

Ƙarshen wata.

Talata, da rana

Wani da na taɓa sa wa tagogi ya zo shago yana son madubi. Yana biya ya ce, "Ina dogon yaron nan naka da ya riƙe mana tsani? Mai ban dariyar nan." Na ce ba ya nan. Ya ce in gaishe shi. Na ce zai ji.

Na rufe shago da wuri.

Laraba, da yamma

Jar rigar ƙwallon nan ta ba ni wahala. Yadinta irin mai miƙewa ne, keke yana jan sa yana tsawo, ya fi abokin haɗinsa, ɗinkin ya yi tattara. Haka ma mai rigar yake, ba ya tsayawa inda aka ajiye shi.

Tela ya ce in yanka siririn shafi daidai girman ƙyallen in shimfiɗa a bayansa, in kama su da fil, in ɗinka tare. Ya ce kuma in daina ja da dutsen guga. "Ba wando kake gogewa ba. Ɗora, danna, ɗaga. In ka ja, kai da kanka ka karkatar da shi." Ya ce rarar layi ɗaya in kwantar da ita dama, ta layin da ke biye hagu, ta haka kusurwoyi za su shiga juna su zauna.

Na ce, "Duk wannan ilimin, amma rigata tana wurinka tun bara."

Ya yi dariya, har da buga tebur. Na daɗe ban sa wani dariya ba. Na dawo gida ina jin kamar na yi laifi.

Alhamis, da safe

Shiru ya yi wa gidan nan yawa. Da ƙarar keken nake kore shi. Da na tsaya canza zare sai ya dawo ya zauna.

Juma'a, da yamma

Layukana sun haɗu duka, kusurwa a kan kusurwa. Gaban ya yi kyau, ko Tela ba zai kushe ba. Amma da na juya bayan raina bai kwanta ba. Rarar ta yi kauri, ta yi tudu a kowace mahaɗa, zare yana ta reto. Ni a wurina aiki bai ƙare ba sai an goge bakinsa. Ban taɓa miƙa wa mutum gilashi da kaifi a gefe ba.

Na ɗauki almakashinta na bi kowane ɗinki na rage rarar, na bar ɗan siriri dab da zaren. Ya ɗauke ni yamma guda. Yanzu bayan ya kwanta lumui. Na share abin da ya zube na kai kwandon shara na titi, kamar yadda nake yi da ɓarɓashin gilashi. Motar shara tana zuwa da sassafe.

Gobe zan haɗa nawa da nata. Sai tsohon bargo a tsakiya, zanin gado a baya, a bi da ɗinki. Zan gama kafin ƙarshen wata. Yau na ci abinci da yawa.

Asabar, da safe

Bai kai ba.

Asabar, da rana

Na ɗauko layukanta uku daga kan gado na shimfiɗa kusa da nawa. Ƙyallen farko ya yi daidai da na farko. Na biyu ya ɗan goce. Kafin a kai ƙarshe nawa ya gaza nata da tafin hannu har da ɗoriya. Yawan ƙyallayen ɗaya ne, na ƙirga na sake ƙirgawa. Na ja nawa da ƙarfi ko zai miƙe, na ji zare yana ƙara, na saki.

Sai na juya nata, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗora ƙaramin yatsana a kan rarar da ta bari. Ya rufe ta ruf, har ya haura kan ɗinkin. Yatsana ya kusa ninka nata. Kowane ƙyalle na ci masa dama na ci masa hagu, kaɗan-kaɗan, har ya taru. Shekara da shekaru ina riƙe hannun nan ban san girmansa ba.

Da warwarewa zan yi in sake ɗinkawa a inda ya dace. Amma inda ya dacen na yanke shi jiya. Na fita da gudu ba takalmi. Kwandon titi wayam.

Babu sauran riga. Duka ta yanka, kuma daidai bargon ta yanka. Abin da ya rage mana na yaron nan ke nan, ni kuma na bi shi da almakashi ina ragewa, ina jin daɗin aikina.

Lahadi, da yamma

Ban je gidan Yaya ba.

Litinin, da yamma

Na kai wa Tela duka biyun. Bai tsokane ni ba, nan na san abin ya ɓaci. Ya juya bayan nawa ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Ɗinkinka ya miƙe, ba zan cuce ka ba. Da ka gwada ƙyalle biyu ka kara da nata kafin ka ci gaba, da ka gani tun a nan. Kuma ba a yanke rara sai an gama haɗa komai. Ita ce ajiyar mai ɗinki. Yanzu ma wannan siririn da ka bari, sai an bi shi da wani ɗinkin, in ba haka ba zai zare."

Na ce, "Gyara nake tambaya, ba wa'azi ba."

Ya ce hanya biyu ce. Ko a warware nata a tsuke shi ya dawo daidai nawa, bargon ya ƙanƙance. Ko a sayo yadi mai kama a kasuwa a cike gefen nawa. Na ce ba mai taɓa ɗinkinta. Na ce kuma yadin da Dogo bai taɓa gani ba ba zai shiga cikin rigunansa ba.

Ya ninke min su ya ce, "To ka kai mata haka nan. Ai aikinta ne."

Na ce, "Ka san abin da kake cewa kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Ba ni da na uku."

Talata, da rana

Yaya ta kira. "Baban Dogo, lafiya ba mu gan ka ba?" Na ce aiki ne. Ta ce Gimbiya ba ta tambaya ba, amma ba ta bar falo ba ranar Lahadi sai da duhu ya fara. Ta ce Litinin mai zuwa za su tafi, motar safe.

Laraba, da safe

Zan iya mayar da komai cikin kwali in tura ƙarƙashin keke. Ba ta san na taɓa ba. Ta tafi da sauran ganin mutuncina. Amma wata rana za ta buɗe, ko bayan shekara ne, kuma ba na nan kusa da zan ce ni ne.

Alhamis, da yamma

Na mayar da kujerun falo inda suke. Falon ya fi jiya girma, ban san yadda aka yi ba.

Ina kewar su, su biyun. Ɗaya ba yadda zan yi. Ɗayar kuwa mota biyu ce tsakaninmu, kuma tsoron zuwa nake.

Asabar, da yamma

Na je. Jakunkuna biyu na jingine a bakin ƙofar Yaya, na gane ɗaya, ni na gyara mata zif. Gimbiya tana kujerar taga. Ban yi zancen famfo ba. Na durƙusa na shimfiɗa nata, na shimfiɗa nawa a ƙasansa, giɓin ya fito fili. Na ce, "Na so in ƙarasa miki. Na ɓata."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta sauko daga kujerar, ta zauna a ƙasa, ta kama gefen nawa ta juya bayan. Ta bi ɗinkin da yatsa, daga wannan ƙyalle zuwa wancan. Ta tsaya a kan jan nan, inda na sa shafi.

"Wa ya ce ka yanke?"

Muryar ta dishe, kamar ba tata ba. Na ce ba kowa. Na gaya mata zancen yatsan da sabulun.

"Ina abin da ka yanke?"

Na ce na zubar.

Ta dunƙule hannu ta doke ni a kafaɗa, ta sake, ta sake, ba da wasa ba. Sai kukan ya zo, mai sauti, wanda ba ta yi ba ranar nan, ba ta yi ba bayan ranar nan. Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya, ta koma ta ja ƙofa. Ni ma ban san lokacin da nawa ya fara ba. Mun zauna a ƙasa da bargon a tsakaninmu har hasken tagar ya sauka daga bango.

Da ta lafa ta goge fuska da mayafi ta ce, "Kai komai sai ka goge masa baki. Yaron ma haka ka dame shi."

Na ce haka ne. Na gaya mata abin da Tela ya ce, hanya biyun nan. Ta girgiza kai. Ta auna giɓin da tafin hannunta, tana lissafi, leɓenta yana motsi.

Ta ce, "Farar rigarka da wuyanta ya mutu, da mai ruwan toka wadda Dogo yake sata yana sawa. Su za a yanka a cike gefen naka. Kai ka rage shi, kai za ka cika."

Na ce, "Nan zan kawo su?"

Ta ninke bargon duka, nata da nawa, ta ɗora a cinya. Na taho na bar shi a wurinta. Jakunkunan suna nan inda na same su.

Lahadi, da safe

Na fito da rigunan biyu na goge su na rataye a bayan kujera. Ban yi barcin kirki ba. Gobe Litinin.

Lahadi, da rana

Yaya ta kira. Ta ce tafiyar gobe ba da Gimbiya ba, wai ta ce ba za ta je ko'ina ta bar kekenta a hannun wanda ba ya jin magana ba. Tun safe take mita, Yaya ta ce har ta fara kewar shirun. Za ta zo da yamma.

"Ta ce in gaya maka kada ka taɓa almakashi, kada ka taɓa rigunan, kada ka taɓa komai har ta iso."

Ban tambaya ko da jakarta za ta zo ba. Na buɗe ƙofar gida, na jawo kujera inda nake hango titi. Ina zaune, hannuwana a kan gwiwa. Ban taɓa komai ba.